Zaren da ya yi wa Ummukulsum yawa

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta taho, mun kasa kunne.

A Kashin Zama aka yi wata mata Rahma, ta haifi ɗiya aka sa mata Ummukulsum. Yarinya ta shekara ba ta zama, wuya ba ƙwari, sai fara'a. Goggo, uwar Surajo mijin Rahma, ta ce Rahma ce ta riƙa ratsa gonakin albasa da rana tsaka tana da ciki, aljanu suka musanya mata jika. Ta daka gumba, ta tanadi ƙwai a ƙwarya, wai a ajiye yarinyar bakin gulbi, in ɗiyar ruwa ce ta koma wa danginta.

Kai, ran Rahma ya ɓaci! Ta goya ɗiyarta, ta hau kabu-kabu sai asibiti a Jega. Likita ta duba yarinyar ta ce, "Jikin mutum duk 'yan ƙwayoyi ne, kowace da zaren gado biyu-biyu. In ƙwayar haihuwa za ta rabu, zaren ma rabuwa suke, ɗa ya karɓi ɗaya wurin uwa, ɗaya wurin uba. Wani sa'in biyu su manne su taho tare. Zare ɗaya ya yi wa ɗiyarki yawa, tun ba ki san kina da ciki ba."

Rahma ta dawo ta faɗa musu. Goggo ta taɓe baki. "Zare? Mutum ce ko zane? Miƙo ta, gumba na bushewa."

Surajo na gefe yana ta ɓare albasa, kai ƙasa. Rahma ta juya kansa.

"Malam, ɗiyar taka za a ba gulbi kana ɓare albasa? Wa ya riƙa aikena gona da rana tsaka in kai muku fura? Sannan ba ku tuna da aljanu ba, sai yanzu?"

Ta fizgi ƙwaryar, ta fasa ƙwan nan kaf a kasko, ta soya, ta zauna gaban Goggo tana ba yarinyar a baki.

Surajo ya ɗago. "Inna, ba inda za ta."

Goggo ta yi fushi ta koma Maiyama wurin ɗiyarta, har yau ba ta amsa gaisuwar Rahma. Surajo ke kai yarinyar asibiti da kansa. Ummukulsum ta yi tafiya tana shekara uku, tana nan gidan ubanta.