Bawul a Waje

Likita ya ce gwiwar Mai Faci sai an yi mata aiki, shi kuwa Allah ya zuba masa tsoron wuƙa. Da ya ga a waya yadda 'yan ƙwallo ke kwanciya cikin wata jakar iska wai don rauni ya warke, sai ya yi tsaki. Iska? Shi da ya yi furfura yana ɗura wa tayoyi iska?

Ya samo tamfol ɗin babbar mota, ya liƙe da gam, ya ɗinka zif, ya yi 'yar tagar roba. Bawul da geji ya dasa su a waje, kamar na kowace taya.

Matarsa ta zagaya abin a tsakar gida. "Baban yara, wannan makara ce?"

"Ke dai in na shiga ki ja zif, ki kunna injin hura iska. Kar ki taɓa komai, ba ki san kan abin ba."

Inji ya kama ruri, jaka ta kumbura. Kunnuwansa suka toshe, ya haɗiye yawu suka buɗe, ya ji lallai shi gwani ne. Sai suka sake toshewa, da zafi kamar ana tura masa ƙusa. Ya kai hannu zai rage iska, ya shafo tamfol sumul. Nan ya tuna: duk tayar da ya hura a duniya, bai taɓa zama a cikinta ba. Gwanin banza!

Ya hau dukan taga. Ta kashe inji, sannan ta gwada iskar yadda take ganin yana gwada taya: ta hauri jakar, daidai gwiwar.

"Wayyo! Rage iskar!"

"Ka ce kar in taɓa komai!"

"Taɓa, don girman Allah! Danna tsinken bawul, a hankali!"

Ta zare ɗan kunnenta ta danna. Iska ta fara fita, tsiii. Ta tagar ya ga hawayenta na ɗiga kan tamfol. Kunya ta rufe shi, har ta fi kunnen ciwo. Don gudun wuƙar likita ya kusa bar mata gawa a naɗe.

Da zif ya buɗu ya rarrafo waje.

"Maman yara, nemo mini takalmina, ki raka ni asibiti."

Ta yi magana, ya ga bakinta kawai yana motsi.

"To," ya ce, "har kunnen a duba."