Ranar da Haliru Ya Yi Cigiyar Kasuwa

Kun gan shi, kada ku ce ba ku gan shi ba. Duk daminar 1959 Haliru, malamin allurar shanu, yana zaune gindin bishiyar bedi a bayan ofishin En'e na Rano, yana haddar Turanci kamar mai tilawa. Ku kuma kuna wucewa da jarida a hammata, ku ce masa Allah ya ba da sa'a, ku kau da kai. Cikinku akwai waɗanda suka gama Midil. Babu wanda ya zauna ya ce, "To, faɗa mini in ji."

An ce ba za a tabbatar da shi a aiki ba sai ya ci jarrabawar Turanci ta baka. Sau biyu yana zuwa Kano yana faɗuwa, na uku kuwa shi ne na ƙarshe. In ya sake faɗuwa, ya miƙa akwatin allura da keken En'e, bayan shekara tara yana bin rugage daga Lausu har Unguwar Gai. Kuma ba kalmomi ya rasa ba, don ya san sunan kowace gaɓa ta saniya da Turanci. Amma da Baturen da ke yi masa jarrabawar ya ce ya kwatanta garinsu, sai komai ya taso masa lokaci ɗaya. Ya fara da masallaci, ya faɗa noman gyaɗa, ya tuna da duwatsu, ya koma masallaci, sannan ya ƙare da kallon takalminsa.

Saura kwana shida jarrabawar, ya je kasuwar Kibiya duba shanu. Nan Fanta, wata tsohuwar Bafulatana da yake yi wa garkenta allura, ta riƙe masa kan keke ta ce saniyarta ta ɓace. Ya tambaye ta wace daga ciki.

"Kai da kake soka musu ƙarfe kowace shekara ba ka san su ba? Ashe, Malam, cinyarsu kaɗai ka sani."

Sai ta shiga cigiya. Saniya ce fara, babba, haihuwa uku. Ƙahon hagu ya lanƙwasa ƙasa, kunnen dama a tsage. Tana ɗingishi, ba ta yarda da baƙo. A bakin rafi aka rabu da ita shekaranjiya. Kuma ita ce wadda marigayi mijinta ya bar mata. Kafin ta rufe baki Haliru yana ganin saniyar kamar tana tsaye a gabansa.

Ya bi ta da kunne. Ta gaya wa wani mahauci, ta gaya wa dillalan kara, inda ake cinikin shanu, kowane da jeri ɗaya, ko sau ɗaya ba ta sauya ba. Ya ce, "Inna, me ya sa ba kya farawa da ɗingishin? Ai shi aka fi lura da shi."

"In ban fara ce maka farar saniya ce ba, a jikin wa za ka rataya ɗingishin? A jikin jaki?"

Ta ƙara da cewa zancen mijinta take ajiyewa ƙarshe, don shi ke sa mutum ya waiwaya in ya ga farar saniya a hanya.

Daga Kibiya zuwa Rano, Haliru bai bar komai ba sai da ya yi cigiyarsa da Turanci a kan keke. Ya yi ta rijiya, ya yi ta rumbu. A gida ya yi ta turmin matarsa Dije, ita kuwa ta ce in dai turminta ne yana nan bai je ko'ina ba, shi Halirun ya kamata a nemo.

A Kano, Baturen ya dube shi ta saman tabarau ya ce ya kwatanta wata kasuwa da ya sani. Abubuwa suka fara taso masa kamar dā. Sai ya ce a ransa, kasuwar Kibiya ta ɓace, wannan mutum zai fita nemanta. Ya faɗi sunanta da inda take da girmanta. Ya kawo alamunta, kara a gefe ɗaya, masu nono a inuwa, mahauta can baya. Ya faɗi halinta, yadda take cika bayan azahar ta watse kafin magariba. Ya rufe da cewa a nan makiyaya ke samunsa in ciwo ya shiga garke. Turancin ba mai santsi ba ne, sau biyu ya yi tuntuɓe, amma bai ɓata hanya ba. Baturen ya ajiye alƙalami ya tambaye shi me ya sa mahauta suke baya, ba tambayar gwaji ba, tambayar mai son sani.

Da ya fito sai ya ji yunwa, abin da ya yi mako bai ji ba. Ya zauna bakin titi ya ci ƙosai har ya ƙoshi.

Takarda ta iso bayan sati uku, ya ci. Ya ɗaura kanwa a bayan keken da ba zai miƙa ba, ya nufi rugar Fanta. Ga farar saniyar a ɗaure, wani manomi daga Dawaki ya gane ta da ƙahon. Da ya ba Fanta labari ta ce ita ba ta san Bature ma yana neman kasuwa ba, amma kanwar ta karɓa.

Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta yi abin da ku masu satifiket kuka ƙi yi. Yau ma akwai wani a gindin bedin nan yana motsa leɓe shi kaɗai, kun san sunansa. Ku ajiye jaridar, ku zauna kusa da shi, ku ce ya yi muku cigiyar garinsu, kuma kada ku tashi sai kun gane garin.