Ƙarar Agogon Masallaci

Tun hantsi Muttaka yake kai-komo a shagonsa na Ƙofar Sauri, agogon masallacin unguwa a kwance a kan tebur, ciki a buɗe. Manhajar da ke juya agogon ta kowa ce, masu gyara daga ko'ina suna sa mata hannu. Shi kuma ya ƙara mata abin da yake taƙama da shi, wato rubutun Hausa mai gudu a ƙasan lokutan salla.

Sai dai rubutun nan ba ya tafiya shi kaɗai. Ya jawo kundin haruffa, kundin ya jawo wani, cikin agogon kuwa ɗan mitsitsi ne. Ya harhaɗa manhajar, ta ƙi shiga. Ya zauna, ya miƙe, ya ja tsaki, ya sake, ta ƙi.

Haushi ya kai shi ga sassan da aka ce ba dole ba ne. Ya ga na 'yar ƙarar da agogon ke yi idan lokaci ya shiga. Wa ke buƙatar ƙara, ga lambobi jajaye kamar garwashi? Ya cire ta, manhaja ta shige sumul. Ya kai agogo ya rataye yana jin kansa.

Mahaifinsa, Malam Babaji, shi ne ladanin masallacin, kuma kwanan nan 'yan kwamiti sun fara ƙus-ƙus wai ya tsufa, a nemo wani.

Azahar ta yi, shiru. Muttaka ya leƙa waje, ya dawo, ya sake leƙawa. Sai da masallacin bayan layi ya gama kira sannan muryar Baba ta biyo a makare. Muttaka ya ruga masallaci.

Ya same shi zaune a ƙarƙashin agogo, ya karkata kunne.

"Muttaka, mi ya samu agogon ga? Tun ɗazu nike saurare."

"Baba, ga lokaci nan a rubuce, manya-manya."

Tsohon ya rage murya. "Ja-ja kurum nike gani, tun bara. Kada ka faɗa ma kowa."

Kunya da tausayi suka rufe Muttaka. Ana sallamewa ya sauke agogon.

Kafin la'asar ya mai da shi ƙusarsa. Alhaji Nu'uman, shugaban kwamiti, ya ɗaga kai. "Ina rubutun nan mai kyau?"

"Ba dole ba ne, Alhaji."

Agogo ya yi 'yar ƙararsa. Malam Babaji ya miƙe ya nufi lasifika, ya riga kowa a unguwar.