Layin da Ya Karkace a Madubin Harlan

Harlan Teague ya ɗaga bindigar katako ta gwaji zuwa kafaɗarsa, ya manna kunci, ya leƙa ta madubin saitin da Nadine mai shagon bindigogi ta ɗaura masa a kai. Idanunsa biyu a buɗe suke, yadda ya saba. Ya ga bangon shagon tas, ya ga kan barewar da ke rataye a can, ya ga jan ɗigo zaune a tsakiya.

"Yauwa, wannan shi ne kaya," in ji shi. "Ba wancan tarkacen ba."

"A ninki ɗaya ke nan, Kawu Harlan," in ji Nadine. "Kamar babu komai a gabanka. In ka murɗa wannan zoben sai ya yi ta jawo maka abu kusa har ninki shida. Akwai kuma mai takwas, akwai mai goma."

"Ba shi mai goman, 'yata," in ji Wendell Hruska, wanda ya jingina da kanta yana sakace. "Wataƙila tsohon nan ya hango ƙuruciyarsa a ciki."

"Wa ke tsoho? Wata huɗu na ba ka."

"Wata huɗu ai ba kwana huɗu ba ne, yaya."

Suka yi dariya su biyun, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Kowa a shagon ya san abin da ya kawo su, domin a ƙaramin gari irin nasu a tsakiyar Texas, in ka yi atishawa a gonarka sai an yi maka sannu a coci ranar Lahadi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan manoman yankin na kiran waɗannan mutum biyu in aladun daji sun addabe su. Wendell ne mai karnuka, shi ke kutsawa cikin sarƙaƙiya a gaba. Harlan ne mai bindiga, yana biye da shi a baya. Ranar Asabar da ta wuce karnukan suka tsare wani ƙaton alade a bakin gonar dawa, bai fi yadi arba'in ba. Harlan ya aza jan ɗigon abin saitinsa a bayan kunnen aladen, ya ja kunama. Alade ya ruga daji lafiya lau. Wanda ya faɗi shi ne Roscoe, babban karen Wendell, da ke tsaye kamu biyu a gefensa ta dama.

Harlan ya ce abin saitin ne ya goce, ai ya shekara goma sha biyu a kan bindigar. Wendell ya gyaɗa kai, ya ɗauki karensa ya kai mota. Tun daga ranar Harlan bai bar abin saitin nan ya huta ba, a bakin mai aski, a gidan mai, har a gaban matarsa da ba ta tambaye shi ba. Ga shi kuma gobe da asuba suna da aiki a gonar gyaɗar wata gwauruwa a bakin kogi, Wendell zai sake shiga gaban bakin bindigarsa. Shi ya sa yau sai an sayi sabon madubi, ko ana ha-maza ha-mata.

"Ni zan tsallaka titi in sayo mana burodin kolachi tun bai ƙare ba," in ji Wendell. "In na tsaya jiran wannan ya zaɓi abu, yunwa ce ajalina. Matarsa ma ita ta zaɓe shi."

Ya fita, ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara a bayansa.

Nadine ta gaji shagon daga mahaifinta, ta gaji har da taurin kansa. Ba ta sayar wa kowa madubi sai ta daidaita shi da idonsa, ko da gwamna ne. Ta murɗa zoben zuwa shida, ta nuna masa farin allon da ke ƙarshen shagon.

"Kalli can. Rufe idon hagu, ka juya wannan na baya har sai layukan ciki sun fito maka sarai."

"Ni ba na rufe ido in zan yi harbi."

"Da tsohon abin saitinka ke nan, Kawu. A ninki shida in ka bar su biyu a buɗe, kanka ne zai juya. Rufe."

Ya rufe. Ya juya zoben dama, ya juya shi hagu. Sai ya sauke, ya yi tsaki.

"An kawo miki lalatacce. Layin tsaye ya lanƙwashe a tsakiya. Kuma akwai datti a gilashin, daidai inda ɗigon ya kamata ya zauna."

Nadine ta karɓa ta goge gilashin da ƙyalle, ba ta ko duba ba, ta kwance shi ta ɗaura mai ninki takwas. Harlan ya leƙa.

"Wannan ma haka. Kai, 'yan kamfanin nan ba sa tsoron Allah! Wa ke haɗa musu kaya, mashaya?"

Ta ɗauko na uku daga cikin akwatin gilashi, wanda ba ta bari kowa ya taɓa sai ya wanke hannu. Harlan ya manna kunci, ya rufe idon hagu, ya daɗe a haka. Layin na nan a lanƙwashe, a wuri guda, lanƙwasa iri guda. Dattin na nan, toka-toka, kamar an dangwala babban yatsa a kan gilashin.

"Kamfani uku daban-daban ne, Kawu," in ji Nadine a hankali.

"To sai me? Duk ƙasa ɗaya ake yin su."

Ta karɓa ta leƙa da kanta, ta miƙa masa. "Mayar da ita kafaɗar hagu. Leƙa da ɗayan idon."

"Ni ba bahago ba ne."

"Don Allah, Kawu."

Ya mayar, hannuwansa na harɗewa kamar na wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Ya leƙa da idon hagu. Layukan biyu suka fito a miƙe, siri-siri, jan ɗigo a mahaɗarsu yana haske. Babu datti ko ƙwaya ɗaya.

Ya ajiye bindigar katakon a kan kanta, ya sa tafin hannu ya rufe idon hagu, ya dubi Nadine. Ga gashinta, ga 'yan kunnenta, ga kwalar rigarta. Fuska ce babu. Inda hanci da ido da baki suke, toka ce kawai. Ya cire hannun, fuskar ta dawo, ta yi fari fat tana kallonsa. Ya sake rufewa, ta sake ɓacewa.

"Ya Allah," in ji shi. "Ya Allah. Nadine, ina fuskarki?"

Ta zagayo ta jawo masa kujera. Bai san lokacin da ya zauna ba. Ya yi ta rufe idon yana buɗewa, yana duban agogon bango, yana duban tafin hannunsa, duk abin da ya kalla kai tsaye sai tsakiyarsa ta shanye. Tun yaushe? Wata nawa, shekara nawa? Wa ke tashi da safe ya rufe ido ɗaya don ya gwada ɗayan? Idon hagu ya yi ta rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi kuwa yana yawo a gari yana zagin wani ɗan ƙarfe da bai ci ba bai sha ba.

Sai Roscoe ya faɗo masa a rai, yadda ya yi ƙara sau ɗaya tak. Wendell na bayan karen a lokacin, da gudu, bai fi taku goma ba. Wannan lissafin ne ya sa zufa ta karyo masa.

"Irin wannan ya sami gwaggona," in ji Nadine. "Akwai likitan ido a garin Temple, allura suke yi. In an je da wuri ana tsayar da shi. Zan kira maka su yanzu."

"A cikin idon suke yin allurar?"

"A ciki."

Harlan ya juya kai. Ta tagar shagon yana hango Wendell a tsallaken titi, ya tsaya da takardar kolachi a hannu yana zuba da wani mai motar ɗaukar shanu. Harlan ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Naɗe mini na farkon, mai ninki shida."

"Kawu."

"A ninki ɗaya zan bar shi. Ido biyu a buɗe, garau nake gani, ke ma kin ji na faɗa. Gonar matar nan kawai, gobe. Daga nan in je wurin likitan naki."

"Ranar Asabar ma ido biyu a buɗe ka yi harbi."

"Yarinya, ni na riƙe ki ranar da aka yi miki baftisma."

"Na sani. Shi ya sa." Ta tattara madubin ta mayar cikin kwalinsa, ta ajiye a ƙarƙashin kanta. "Ba zan gaya wa kowa ba, wannan maganarka ce. Amma ba a shagona za ka saya ba. Je ka saya a birni, can ba ruwansu da idonka."

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Wendell ya shigo baki cike, ya dire takardar a kan kanta, maiƙo ya ɓata ta.

"Mai tsiran nama ya ƙare, sai mai cuku. To, wanne aka zaɓa? Ko har yanzu ana neman aure?" Ya dubi Nadine, ya dubi Harlan. Ya daina tauna. "Wa ya mutu?"

Ƙarya na nan a bakin Harlan, a shirye: kayan ba su yi ba, mu je birni. Kalma takwas, shi ke nan, Nadine ba za ta tanka ba. Ya buɗe baki. Sai ya kai hannu, a gaban abokinsa, ya rufe idon hagu ya dube shi. Hula, kunnuwa, farin gemu a ƙasa. Tsakiya babu kowa.

"Ba na ganin ka, Wendell," in ji shi. "Da wannan idon ba na ganin ka. Abin saitin lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe maka kare."

Ya sauke hannun, ya jira. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa naushi ma, kuma da zai fi son naushin. Wendell ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya goge yatsunsa a wando ɗaya bayan ɗaya. Bai yi kama da wanda ya ji sabon labari ba.

"Idon ne ashe," in ji shi. "Ni na ɗauka hannun ne ya fara rawa."

"Ka ɗauka me?"

"Harsashinka dama yake ja. Tun kakar bara."

Harlan ya dafa kanta. "Tun kakar bara? Ka sani tun bara?"

"Ni ke feɗe aladun, yaya. Ina ganin inda ka nufa, ina ganin inda ya shiga."

"Kuma ka yi shiru? Kana shiga gabana kowane mako, ka yi shiru?"

"To me zan ce maka? In ce Harlan Teague ya daina iya harbi? Kai da bakinka za ka iya gaya mini haka, in da ni ne?" Wendell ya kau da kai, ya dubi akwatin gilashi. "Cewa na yi wataƙila zai wuce. Ka ga kuma in ka ajiye bindiga, ni da wa zan fita?"

"Kawu Wendell," in ji Nadine, hannunta a kan baki, "da ya harbe ka fa?"

"A'a, 'yata, ai na yi dabara. Tunda na gane dama yake ja, sai na riƙa bi ta hagunsa. Ko ina aladen yake, ni ina hagu. Shekara guda ke nan, ko ƙwarzane ban yi ba."

Ya faɗe shi har da ɗan alfahari. Sai fuskarsa ta sauya, ya ɗauki takardar kolachin ya ninke bakinta, ya sake ninkewa.

"Roscoe ne kawai ban san yadda zan gaya masa ba."