Ƙofar da Makara Ta Ƙi Wucewa

A 2016 ƙungiyar Hausawan unguwar Al-Suwaidi da ke Riyad ta samu wani tsohon gida, ta ce za ta mayar da shi wurin wankan gawa da zaman makoki. Shekara ashirin Hajiya Delou, mutuniyar Maradi, tana wanke matan da suka rasu a Riyad, amma ba wanda ya nemi shawararta. Me ta sani, ita da ko kwamfuta ba ta da ita?

Aka ba Amir aikin, ɗan shugaban ƙungiya Alhaji Zayyanu. A Riyad aka haife shi, ya karanci adon gida, kuma masani ne a kan al'ada, tunda ya taɓa kwana tara a Kano.

Da ya gama aka kira Hajiya Delou ta yaba. Ta tarar da raƙumin dawa a zane a bango, kalangu biyu a rataye, ga fararen kujeru masu laushi.

"Hajiya, wannan duk turas ne, gadonmu," in ji Amir.

"Madalla, ɗana. Kalangun na mamaci ne ko na masu kuka?"

A ɗakin wanka ta ga teburin marmara da ya kai mata ƙirji. Ta nemi magudanar ruwa ta rasa. Amir ya ce ramin yana ɓata kyan daɓe.

"Gaskiya ne. Sai mu riƙa shanye ruwan."

Ta sa aka kawo makara, ta roƙe shi ya kwanta a kai. Maza huɗu suka ɗauka. A bakin ƙofa makarar ta cije, aka karkata ta, Amir ya zame yana salati da Larabci.

"Kai ka iya riƙe gefe," in ji ta. "Baƙina ba sa iyawa."

Washegari ya zo da littafi da biro, kansa a ƙasa. Ta lissafa masa: a faɗaɗa ƙofa, a rage tsayin tebur, a yi magudanar ruwa, a kawo tabarmi, butoci, da labule tsakanin maza da mata. Ya yi duka.

Ranar buɗewa Alhaji Zayyanu ya yi dogon jawabi, ya gode wa ɗansa bisa zurfin bincike. Delou ba ta ji ba. Tana ciki tana wanke wata 'yar Damagaram mai suna Sauda, wadda ta rasu da safiyar ranar.