Ruwan Laraba a Kan Dabino

Najiba ba ta jira motar haya ta gama tsayawa ba ta buɗe ƙofa ta sauka a garinsu, takarda a naɗe a hannunta. Tun da asuba take zaune gaban kwamfuta a ofishin hasashen yanayi na birni, tana kallon iska mai sanyi da ta taso daga arewa maso yamma, ta haye teku, ta nufo kudancin Tunisiya. Gobe Laraba da la'asar za ta yi karo da zazzafar iskar da ta kwanta a kan gonakin dabino. Duk inda suka haɗu ruwa ne, kuma mai yawa.

Ga shi ƙarshen Oktoba ne, dabino ya nuna amma bai gama tsotsewa ba. Ruwan wuni ɗaya ya isa ya tsaga shi, ya yi tsami a kan bishiya.

A shagon gahawa na bakin hanya ta tarar da yayanta Lazhar, shi da dattawan garin suna buga kati. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gonar gidan, bishiya ɗari da sittin.

Ammi Bilgasim, wato Baffa Bilgasim, dattijon maƙwabcinsu a gona, shi ya fara hango ta. Ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Jama'a, ku ɗauko lema! Ga uwar hadari nan ta iso."

Aka kwashe da dariya. Lazhar bai ɗago kai daga katinsa ba.

Ta gaishe su, wasu suka amsa, wasu suka ci gaba da katinsu. Ta ce, "Yaya, ina son magana da kai."

"Yi a nan. Ai bara ma a nan kika yi ta."

Ta san da bara za a fara. Bara ta ce ruwa na zuwa, Lazhar ya sare dabinon tun bai kai ba, sai hadarin ya karkata ya zuba a kan duwatsu can nesa. Ko ɗigo bai sauka a garin ba. Abin da ya kamata ya tafi ƙasashen waje a kwali, awaki ne suka ci rabinsa.

Ta shimfiɗa taswirar a kan tebur, ta danne gefenta da kofin gahawa. "Dubi wannan layin. Gobe bayan azahar zai ratsa ta kanmu. Za a fara da iska, sai ruwa, bayansa sanyi ya sauka. Ban ce ka sare ba. A sa wa kowane nonon dabino leda yau, kafin dare."

"Kin tabbata?"

"Kashi saba'in cikin ɗari."

Lazhar ya ajiye katin. "Saba'in. To sauran talatin ɗin fa, wa zai ɗauka? Ni ko? Kin san leda a wannan zafin dafa dabino take yi? In na rufe ruwan bai zo ba, ki zo ki shanye min romon?"

"In bai zo ba a cire ta jibi da safe."

"A cire! Kun ji ta? Kamar ɗankwali. Ke kin taɓa hawa bishiyar dabino?"

Ammi Bilgasim ya jawo taswirar, ya juya ta sama a ƙasa, ya ƙura mata ido. "Ni dai shekarata saba'in ina kallon sama, 'yata. Yau babu ko gajimare. Wannan zanen, jikata ma tana yin irinsa a makaranta." Ya tura mata takardar, ya tashi yana gyara hularsa ja. "Bari in je in yi alwala, kafin ruwanki ya riga ni."

Najiba ta dubi yayanta. "To bishiyoyina goma sha takwas na gadon Baba, su a rufe min."

"Yau kika tuna kina da gado? Shekara nawa ina ba su ruwa kina zaune ƙarƙashin fanka? Je ki rufe abinki. Ba mai hana ki."

Ta naɗe taswirar ta fita. Ba ta nufi gida wurin mahaifiyarsu ba, don ta san kuka za ta tarar da roƙon a yi haƙuri. Ta bi hanyar gonaki, tana tunanin ko za ta sami mai hawan dabino ɗaya ko biyu da za su yi mata aikin.

Gidan farko aka ce maigidan ya fita aiki. Na biyu ma haka. A na uku matar ta ce, "Ai yanzun nan motar Ammi Bilgasim ta kwashe su gaba ɗaya. Ya ce aikin gaggawa ne."

Najiba ta ƙarasa bakin shingen gonarsa ta leƙa. Mutum tara ta ƙirga a saman bishiyoyi, kowa da damin leda a ɗaure a ƙugu. Dattijon yana ƙasa yana nuni da sanda, yana daka musu tsawa su yi sauri. Da suka haɗa ido bai ko ji kunya ba.

Ya ce, "Kada ki kalle ni haka. Masu hawa tara ne a garin nan, gonaki arba'in."

Ta kira Lazhar a waya. Sai a kira na uku ya ɗauka. Ta gaya masa abin da ta gani, ya kashe wayar.

Ba a yi rabin awa ba sai ga shi a kan babur, buhun leda a baya. Ya tsaya ya daɗe yana kallon gonar maƙwabcin.

"Shi kika fara gaya wa."

"A gabanka na faɗa, Yaya. Tebur ɗaya kuke."

Ya tofar da yawu. Ya shiga gonarsu, ya tuɓe takalmi, ya ɗauko igiyar hawa da ke rataye a rumfa. Shekarunsa hamsin da shida, kuma tun da gwiwarsa ta samu matsala shekara biyar da suka wuce bai sake hawa ba. Ya zagaya igiyar a jikin bishiyar farko, ya ja ta ya gwada.

"Awa nawa ke gare ni?"

"Ashirin da shida. Wataƙila ƙasa da haka."

"Ba zan kai rabi ba."

"Na sani."

Ya ɗora ƙafa, ya cije leɓe, ya fara hawa. Da ya kai tsakiya ya leƙo ƙasa.

"Tsayuwar me kike yi? Miƙo ledar. Kuma in ruwan nan bai zo ba, kada ki sake tako garin nan."

Najiba ta cire takalmin ofis ta jingine shi a gindin bishiya, ta kwance bakin buhun.