Wanda Ke Kashe Min Talabijin

Mai karanta labarai bai kai ƙarshen maganarsa ba, talabijin ya yi ɗif.

Na ɗaga kai na dubi fanka, tana juyawa abinta. Ba wuta aka ɗauke ba ke nan. Na dubi rimot ɗina, yana kan tebur inda na ajiye shi.

"Ke!" na ce. "Me kika jona a kicin?"

Matata, wadda nake kira tsohuwata, ta leƙo da ludayi a hannu. "Ni kuma? Malam, jiya ka ce ni ce, shekaranjiya ka ce mai gyara ne. Gobe ƙadangaren bango za ka kama."

"Abu ba ya kashe kansa."

"To kunna abinka, kada ka fara jero min karin magana, tukunyata tana kan wuta."

Na kunna. Ya kawo tas, kamar bai yi komai ba. Ni magini ne, hannuna ya tsufa a cikin siminti, kuma ban taɓa ganin bangon da ya tsage babu dalili ba. Na riga na kai talabijin ɗin wajen mai gyara. Ya wuni a shagonsa yana aiki lafiya lau, ya ce min babu abin da ke damunsa. Na dawo da shi ina zargin ya cire wani abu a ciki ya sa min tsoho. Da rana kawai abin yake faruwa, kuma sai ina zaune. Duk wanda ke yin wannan aiki, yana ganina.

Gidana da na Tela lungu ne ya raba su, lungun da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Tagar falona tana kallon tagar ɗakinsa, ni na fitar da su duka biyun da hannuna. Tun muna da baƙin gashi muke maƙwabtaka, kuma tun lokacin muke musu. In na ce gabas sai ya ce yamma. Ranar da na sayo talabijin, bai bari gari ya waye ba sai da ya je shagon ya ɗauko irinsa sak, don kada in fi shi. Sai ga shi bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin nan da ba ya gajiya da tsokanata ya karkace, magana ta ɗauke. Keken ɗinkinsa yana lulluɓe da zane a gefen gado.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Autarsa ce ke tare da shi, ita kuma tana aiki a kantin magani, ta fita da safe sai yamma. Don haka ta ɗauko ɗan ƙanensa, wani ƙato da ake kira Dogo, ya riƙa zama da shi da rana. Ban taɓa yarda da Dogo ba. Gaisuwarsa ta yi yawa, yana durƙusawa har ƙasa amma idonsa yana kan wayarsa. Shi ne ma ya rage min shiga gidan. Ko yaushe na ƙwanƙwasa sai ya tare ƙofa da kafaɗa.

"Baba, Baffa yana barci. Likita ya ce kada a tashe shi."

Ana nan Auta ta sayo wani rimot. Ina gidan ranar, domin ranar hutunta ce, babu mai tare ƙofa. Da can guda uku ne a gefen gadon: na talabijin, na dikoda, na sifika. Mutum mai hannu ɗaya, hannun ma na hagu, in ya lalubo wannan sai wancan ya faɗi.

"Wannan shi kaɗai zai riƙe su duka, Baba Magini," in ji ta. "Kowane irin talabijin yana jin maganarsa."

"Abin da ke shiri da kowa ba abin yarda ba ne," na ce.

Ta yi dariya, ta sa batir, ta buɗe wata 'yar takarda mai lambobi ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ta danna wannan lamba, shiru. Ta danna waccan, shiru. Da ta gaji ta ce bari ta bar shi ya nemo da kansa. Ta danne wani maɓalli har wata 'yar jar wuta ta kama a goshinsa, ta tsaya a jikin gadon tana danna ɗaya maɓallin a hankali, a hankali.

"Yana gwada yarensu ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Da talabijin ya mutu, an dace, sai in danna na tsakiya ya riƙe."

Hannunta ya gaji, tana sauke shi tana ɗagawa, tana juyawa tana yi min bayani. Can talabijin ɗin Tela ya mutu. Ta yi tsalle ta danna na tsakiya. Tela kuwa ba nasa yake kallo ba, idonsa yana kan taga, rabin bakinsa yana dariya har da hawaye. Na ɗauka ni yake yi wa, don na ce abin ba zai yi ba. Na tsuke fuska na yi musu sallama.

To, ranar da nake ba ku labari, bayan na sake kunnawa na zauna, ban mai da hankali kan labarai ba. Kunne na kasa. Daga gidan Tela sifika tana ta amo, fim ɗin faɗa irin wanda Dogo yake so, ana ta harbe-harbe. Can sai amon ya yanke. Ban gama jin shirun ba nawa ya mutu.

Ban motsa ba. Gilashin ya yi baƙi ya zama madubi, ga hoton tagata a cikinsa, ga labule a zuge gefe. A tsakiyar hoton na ga wata 'yar jar wuta tana kamawa tana mutuwa.

"Na kama shi!" na ce.

"Wa?"

"Ƙaton banzan nan! Zama ya ishe shi, ya mai da ni abin wasa."

Na zura takalmi na fita, tsohuwata tana bayana tana cewa in bi a hankali. Na zagaya ƙofar gidan zan buga, hannuna ya tsaya. Kwaɗo ne a rataye, an kulle daga waje.

Na dawo cikin lungu, na kama ƙarfen tagar na leƙa. Babu Dogo, babu alamarsa. Tela ya zame daga kan matashi, kafaɗarsa da ta mutu ta maƙale tsakanin gado da bango. Leɓensa ya bushe ya yi fari. Kofin ruwa yana can kan keken ɗinki, inda ko mai lafiya sai ya tashi zai kai gare shi. Hannun hagun yana ɗage, ya saita rimot ɗin a tagata, yana ta dannawa. Da ya ga fuskata sai ya sake shi ya faɗi kan ƙirjinsa.

"Ashe kai ne, tsohon banza," na ce. 

Na koma gida na ɗauko guduma da kurfi. Ni na kafa ƙofar nan, na san inda take da rauni. Tsohuwata ta ɗaga kansa, na ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, yana sha yana kallona da idon nan nasa na tsokana. Muka sauya masa zanen gado. Na ja kujera na zauna ina fuskantar ƙofa, gudumar a kan cinyata.

Sai da rana ta yi sanyi Dogo ya shigo yana fito. Ya ga ƙofa, ya gan ni, fiton ya tsaya.

"Baba, lafiya? Wa ya fasa mana ƙofa?"

"Daga ina?"

"Nan bakin titi na je karɓo wa Baffa magani. Yanzun nan na fita."

"Ina maganin?"

Ya shafa aljihu. "Ba su da shi."

"'Yar mai gidan a kantin magani take aiki, kai kuma kana yawon neman magani a bakin titi."

Muna cikin haka Auta ta dawo. Dogo ya riga ni buɗe baki. Ya ce yau ne kawai ya leƙa waje, ya kulle ne don ɓarayi, ni kuma dama ba na ƙaunarsa, kowa ya sani, ga shi na fasa musu gida a kan talabijin. Ya iya magana, har da rantsuwa. Na ga Auta tana duban ƙofar da na ɓalle, tana duban gudumata. Ta san halina, ta san ba a raba ni da zargi. In ta yarda da shi, gobe sabon kwaɗo za a saya, a sa wa tagar labule mai kauri.

"Baba Magini," ta ce a hankali, "ko dai da ka jira na dawo?"

"Kada ki tambaye ni, kada ki tambaye shi. Ga mai gidan nan a kwance."

"Baffa ai ba ya magana," in ji Dogo.

Na kunna talabijin ɗin da hannuna, na ɗauki rimot na sa a tafin Tela, na naɗe masa yatsu a kai. Auta ta durƙusa a bakin gadon.

"Baba, yau ne kawai ya fita ya bar ka? In yau ne kawai, danna."

Ana ta talla a talabijin. Yatsan bai motsa ba.

"Kullum yake kulle ka ya tafi?"

Ɗif.

 Daga can cikin falona, ta lungu, ana jiyo nawa da tsohuwata ta koma gida ta sake kunnawa. Tela ya karkata hannu wajen taga, shi ma ya kashe shi. Auta ta kifa kanta a kan katifa. Dogo ya tattara cajarsa da takalmansa, bai durƙusa wa kowa ba da zai fita.

Daga ranar makullin gidan ya dawo hannuna. Na ɗaure labulena da igiya a gefe, na hana a sake shi. In talabijin ya mutu sai in tashi. Wani lokaci ruwa yake so, wani lokaci juyi. Wani lokaci kuwa in je in same shi garau, rabin baki yana dariya, don kawai ya ga an zo wajen da nake so a labarai.

"Wallahi sai na cire batir ɗin nan," nake ce masa. Sai ya tura rimot ɗin ƙarƙashin cinyarsa.

Jikin dai yana ta ja baya. Abinci ya koma cokali biyu, daga baya ruwa kawai. Auta ta ce a koma asibiti, ya kawar da kai bango.

Ranar ƙarshe da hantsi ne. Ko zama ban gama yi ba talabijin ya mutu. Na ce wa tsohuwata, "Kin ji shi ko, ya fara da wuri." Na shiga na miƙa masa ruwa, ya rufe baki. Na ce in juya shi, ya girgiza kai. Na duba zanen gado, a bushe yake.

"To me ka kira ni in yi maka? Ka ɗauka ba ni da aikin yi?"

Ya miƙo min rimot ɗin. Na sa hannu zan karɓa, bai saki ba, ya haɗa da yatsuna ya riƙe. Na zauna a bakin gadon. Numfashinsa yana tafiya yana dawowa, kowane zuwa ya fi na baya nisa. Na ɗaga murya ta taga na ce wa tsohuwata ta kira Auta a waya. Na yi ta karanta masa abin da ya sawwaƙa a kunne. Kafin Auta ta iso riƙon ya saki. Allah ya jiƙan Tela.

Bayan an watse daga zaman makoki Auta ta kawo min rimot ɗin a cikin leda, ta ce ita ba za ta iya ganinsa a ɗakin ba. Na ajiye shi kan tebur kusa da nawa. Maɓallin kashewar ya goge, jan fentinsa ya tafi saura fari.

Jiya da rana na zauna kallon labarai. Mai karantawa ya fara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, har ya yi sallama ya tattara takardunsa. Tsohuwata ta zo wucewa ta tsaya a jikin taga, ta kai hannu kan igiyar labulen.

"Bar shi," na ce.

Ta bar shi. A ƙetaren lungu an rufe tagar, rana tana dukan gilashin.